Ƙafar Azumi da Garin Maganin Bawku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wani tsoho ya tona ni a gaban surukai, kuma har yau ban daina yi masa addu'a ba.

Ni mace ce da ba a yi wa musu. A rumfar doya a Salaga, ido kawai nake ɗagawa kowa ya nutsu. Ban taɓa shiga aji ba, amma ina duban mutum in faɗa masa abin da ke damunsa (haka dai nake gani a lokacin).

Wata shekara na je Bawku sarin albasa, wata lalura ta kama ni, aka nuna mini Baba Seidu mai magani a bayan kasuwa. Ya ba ni wani gari mai ɗaci, na dama a koko, kafin la'asar na samu sauƙi. Da na dawo gida na ce wa mutane ciwon baya ya warkar mini (ku riƙe wannan). Tun daga nan garin ya zama maganin komai a gidana. Mai tari ya sha, mai ciwon haƙori ya sha, har kazata da ta daina ƙwai ta sha. Wanda ya ce bai ji sauƙi ba, in ce bai sha da imani ba.

Sai ga bikin 'yar ƙanena a Yendi. Na tarar da uwar amarya, Azumi, ta rame, tana ta kwankwaɗar ruwa, ga gyambo a yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa tun damina. Babbar 'yarta Fati ta ce, "Gwaggo, ana gama biki zan kai ta asibiti."

"Asibiti? Su yanke mata ƙafa ina raye?"

Na barbaɗa mata gari, na dama mata ta sha safe da yamma. Ƙafa sai ƙara kumbura take. Na ce garin ne ya tsufa, mu je wurin mai shi. Muka hau mota zuwa Bawku, ni da Azumi da Fati, har da uwar ango da ke son na ciwon gwiwa. Duk hanya ina yi musu wa'azin gari.

Baba Seidu ya kwance tsumman ƙafar, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya zuba mata wannan?"

"Ni ce, Baba. Garinka ne."

Ya ɗago ya dube ni da kyau. "Au, Hajiyar Salaga! Ba ke ce kika zo nan kina nishi, kin yi kwanaki ba ki zaga ba? Ai na cushewar ciki ne. Iyakar aikinsa ke nan, kuma ina jin ya yi miki."

Uwar ango ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Azumi ta ce a hankali, "Yaya, shi ya sa tunda kika zo nake hanyar bayi?"

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ciro wasu ƙwayoyi daga aljihu ya nuna mana. "Ciwon sukari ke damunta. Ni ma shi gare ni, maganin asibiti nake sha kullum. Akwai abin da na iya, wannan ba ya ciki. Ku tashi yanzu, ko abinci kada ku tsaya ci." Da kansa ya fita ya tsayar mana da abin hawa. Fati kuwa, 'yar albarka, ba ta ce "ai na faɗa" ba. Hannuna ta kama ta hawar da ni.

A asibiti yatsa ɗaya aka cire mata. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da ƙafar ce gaba ɗaya. Da wannan ƙafar Azumi ta taka rawa ranar sunan jikanta.

Yanzu in na ji mai lasifika a tasha yana rantsuwa kwalbarsa na warkar da komai, sai in matsa in tambaye shi, "Kai in ka kwanta, me kake sha?" Garin Baba Seidu kuwa yana nan, ina damawa in bukatarsa ta zo. Sai dai duk gidan sun san wace bukata ce.