Rasuwar Rumbu, Akwatin Ajiyar Shagon Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, Injiniyan shagon ɗaukar hoto yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Rumbu, baƙin akwatin nan da ke ƙarƙashin teburin saba (babbar kwamfutar shagon), wanda duk bidiyon bukukuwan da shagon ya ɗauka suke cikinsa.

Marigayin mai haƙuri ne da riƙon amana. Ya rayu cikin zafi, kusa da takalman ma'aikata, bai taɓa neman komai ba sai wuta. Maganarsa ba ta wuce "ɗit" idan an kunna shi, sai ɗan gurnani idan aiki ya yi masa yawa.

Ciwon ya fara kamar wasa. Da safe mai haɗa bidiyo ta ce saba ba ta ganin Rumbu. Injiniya ya ce waya ce, ya canza waya. Ya kashe ya kunna. Ya sake wa Rumbu adireshin da saba ke nemansa da shi, ya sake kalmar sirri, ya zura tsinke a ɗan ramin baya ya mai da saitinsa na asali. Ya yi ta shiga ƙarƙashin tebur yana fitowa har gwiwar wandonsa ta yi fari. Can sai fitilar Rumbu ta yi kore. Mai shago har ya fara hamdala, sai marigayin ya ce "ƙwas, ƙwas, ƙwas", ya yi shiru.

Aka yi ta ba wa juna haƙuri, ai akwai kwafin duk abin da ke cikinsa. Akwai kuwa. Injiniya ne da hannunsa ya tsara shi, kuma bai taɓa fashi ba, sai dai ashe a cikin Rumbun ake ajiye shi. Tare suka tafi.

Ya rasu ya bar saba, wadda har yanzu take kiransa ba amsa, da kwamfutoci marayu, da wata Hajiya da mijinta ya rasu jim kaɗan bayan auren autarsu. Tun Rumbu yana da rai ta zo shago ta ce ba duka bidiyon bikin take so ba, wurin da Alhaji ya miƙe zai yi jawabi dariya ta ƙwace masa kawai za a cire mata. Injiniya ya ce mata wannan ai ƙaramin aiki ne, ta dawo jibi. Tunawa da wannan maganar ne ya hana shi zama, ya hana shi cin abinci.

An ɗage jana'iza sau da dama, domin duk lokacin da aka naɗe gawar a tawul sai Injiniya ya kwance ta, wai a bari ya sake jonawa sau ɗaya tak. Yanzu dai an tsayar: gobe da hantsi za a kai ta wurin mai ciro bayanai daga matattun na'urori, ko Allah zai sa a dace. Ana karɓar gaisuwa a shago, a tsaye. Ana roƙon kada kowa ya sanar da Hajiya. Injiniya zai je gidanta da ƙafarsa, da zarar ya samu abin da zai ce mata.