Ganyen da Aka Ajiye wa Mutumin Wurma

Wani ne a Wurma, bai taɓa wuce Dutsin-Ma ba. Ɗansa Mamuda yana aikin yanka a wata mahauta can New Zealand, ya aiko masa da tikiti. Maigidan Mamuda a wurin aikin ɗan ƙabilar Maori ne, mutanen ƙasar na asali. Shi ya ce a kawo uban Mamuda garinsu na bakin teku su karrama shi. Mamuda kuwa ƙarin girma yake nema a hannun maigidan nan. Da uban ya iso, tun a mota Mamuda yake roƙonsa kada ya ba shi kunya.

Suka fara biyawa bakin teku. Mutumin ya ga jama'a kwance kan rairayi, maza da mata, ba mai suturar kirki. Ya tabbata gobara aka yi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jaje, yana Allah ya mayar da alheri. Kafin Mamuda ya cim masa, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe wani tsohon Bature mai barci.

Aka sa mutumin a jirgin ruwa. Ya ce shi da ya ga madatsar ruwan Zobe, wane ruwa za a nuna masa. Da aka yi nisa ya duba gabas, ya duba yamma, ba ko kadadar tumatir ɗaya. Ya ce bai taɓa ganin ragwaye irin waɗannan ba, ruwa har haka ba mai noman rani. Sai jirgin ya fara tangaɗi. Bai ƙara magana ba sai salati.

Suka isa garin. Jama'a sun yi layi, maigidan na gaba. Wani ƙato ya fito da sanda, fuska duk zane, yana tsalle, yana zare ido, yana zaro harshe. Ya zo gaban mutumin ya ajiye ganye a ƙasa, ya ja da baya a hankali.

Mamuda ya raɗa masa cewa al'adarsu ce. In baƙo ya ɗauki ganyen, an san da alheri ya zo. In ya ƙi, da faɗa ya zo.

Mutumin ya ɓoye hannuwansa a baya. Ya ce shekararsa saba'in bai taɓa ɗaukar abin da aka jefa masa a hanya ba, kuma ba zai tsallake ba. Ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ya tofa wa ganyen. Maigidan ya juyo yana kallon Mamuda.

Mamuda, gumi na keto masa, ya ce, "Baba, don girman Allah ka ɗauka. Aikina ne. Wallahi ganye ne kawai, ba komai a jikinsa."

Uban ya ce, "In ba komai a jikinsa, me ya sa shi da ya ajiye ya ja da baya?"