Yadda Badaru Ya Cinye Kwanakin Bahijja

"Duk ƙasar Boɗinga babu wanda ya san allura kamar ni. Ido rufe, da hannun hagu, sai in soka ta inda ta dace!"

Mai wannan kurin jikana ne, Badaru, mijina na wasa, ɗan babban ɗana. Ina son yaron nan har cikin raina, amma Allah ya sani kanshi kamar tulun da anka manta ba a zuba ma ruwa ba, ƙara kawai yake. Wata uku ya yi yana shara a wani shagon magani, mai shagon ya sallame shi don ya cika ba masu saye shawarar da ba su tambaya ba. Tun ran nan ya sayi farar riga, ya soke biro uku a aljihu, ya ce a riƙa kiran shi Dokta. Biron nan ko ɗaya ba ya rubutu. Na gwada su.

Mara lafiyar kuwa ƙanwarshi ce, Bahijja, wadda ke zaune wurina. Malama ce a wata makarantar kuɗi a Shagari, kullum da safe ta bi mota ta tafi. Ciwon ɓarin kai ke damun ta. In ya taso sai ta ga walƙiya a ido, ta yi amai, ta shige ɗaki ta toshe ko'ina da zane. Ko zakara ya yi cara sai ta ce a roƙe shi ya yi haƙuri. Ta sha ƙwayoyi iri-iri har ta gaji. Mai makarantar ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, ƙarshe ya ce in hutu ya zo ba ta kawo takardar likita da alamar sauƙi ba, zai ɗauki wata malama. Aikin nan kuwa shi ne ranta.

Likitan da ke duba ta a nan garin ya ce akwai wata allura da ake yi ma masu irin ciwon, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Ya rubuta mata takarda zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a babban asibiti, birnin Sakkwato. Ranar Talata, bayan wata guda, kuma kafin azahar, in an wuce sai wani layin na wata biyu. Ya ce kafin nan a riƙa rubuta duk ranar da kan ya yi ciwo, don abin da za a fara tambaya ke nan.

To, ranar ciwo Bahijja ba ta iya kallon takarda, ni kuma rubutuna ko ni ba na iya karanta shi. Sai na samu gwangwanin madara. Ranar da ciwon ya zo da sauƙi in jefa gyaɗa ɗaya. Ranar da ya kwantar da ita in jefa 'yar tsakuwa. Ku riƙe gwangwanin nan a ranku, za mu dawo kanshi.

Badaru na ganin takardar ya daka tsalle.

"Likitan ƙwaƙwalwa? Kaka, so kike a ce ƙanwata ta taɓu? Wa zai aure ta?"

"Kai da ba ka je ba, wa ya aure ka?"

"Tsohuwa, ki bar aikin ilimi ga masu shi." Ya ninke takardar ya cusa a aljihu bayan biro. "Allura ce dai ko? Na san gwaninta."

Gwanin ashe Bawa ne, mai yi ma shanu allura a kasuwar Shagari. Ya ja mu har can, wai Bawa ya fi kowa hannu, don ko bijimi ba ya motsi in ya soka. Bawa ya aje igiyar da ke hannunshi, ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya dubi Badaru daga hula har takalmi.

"Inna, wanne ne mara lafiyar? In wanga ne, a kama min ƙafafunshi, ina da ta masu yawan kuka."

Mahauta sunka fashe da dariya. Bawa ya ce, "Ku kai yarinya inda anka rubuta. Ni ko akuya in ciwonta ya fi ƙarfina, gaba nake turawa."

A mota Badaru ya ce hassada ce irin ta abokan sana'a.

Ranar Talata ta zo. Ubansu na can fadama ana cire albasa, don haka Badaru ne namijin rakiya. Munka fita bayan sallar asuba, ko koko bai sha ba, wai likita ba ya aiki da cikakken ciki. Na ƙulle gwangwanina a jaka: gyaɗa bakwai, tsakuwa tara.

Muna isa birni, maimakon babban asibiti, sai ya tsayar da mu gaban wani dogon gini mai allo da hoton ido ƙato kamar faranti.

"Walƙiya take gani, ko ba haka ba? Da mi ake gani? Da ido. Shi ke nan, na gama bincike."

"Yaya, takardar ta ce..."

"Bahijja, in manya na magana, kai ke ciwo ko baki?"

Kun san al'adarmu, in namiji ya rako ki, shi ke magana. To Badaru ya ɗauki al'adar nan ya yi mata rawani. Likitan ido ya ce, "Malama, me ke damun ki?" Badaru ya ce, "Walƙiya." Ya ce, "Tun yaushe, Malama?" Badaru ya ce, "Tun tana goye." Ƙarya, shekara uku ne. Anka zaunar da ita ta karanta allon haruffa, ta sauke shi tas har layin ƙasa. Likita ya ce idonta lafiya lau, ba nan matsalar take ba.

Badaru ya ce, "Haba abokin aiki, sake dubawa. Ta yi kuskure a layi na biyu. Bari in nuna mata."

Ya zauna, ya gyara farar riga, ya ƙanƙance ido.

"Wancan na sama tsani ne."

"Harafi ne, Malam."

"To an rubuta shi ba daidai ba."

Likita ya ce, "Matso nan." Kafin ka ce me, an ɗaga mishi haɓa an ɗiga mishi magani a ido biyu. Anka leƙa, anka haska, anka ce tabarau yake buƙata tun shekara goma da ta wuce. Anka kuma gaya mishi maganin zai sa ya riƙa gani dishi-dishi har la'asar, kada ya tsallaka titi shi kaɗai.

Munka fito ƙarfe goma ta gota. Ranar nan ta Sakkwato ta daki Bahijja a fuska, sai na ga ta dafe gefen kai. Na ce shi ke nan, baƙon ya iso. Na zaunar da ita a benci, na zazzage jakata ina neman mayafin da zan rufe mata ido. Gwangwani na nan gefe. Dokta kuma na zaune yana lalube kamar sabon makaho, cikinshi na kiran sallah.

Ban ga lokacin da ya buɗe ba. Ƙarar kawai na ji. Ƙaras!

Jama'a, gaba ɗaya ya juye a baki. Wata guda cur na wahalar yarinyar nan, loma ɗaya ya yi mata.

"Wayyo! Kaka! Wace irin gyaɗa ce wagga?"

"Ta garin Sifawa ce, a gindin dutse ake shuka ta! Tofar, ɗan banza, tofar min da kwanakina!"

Ya tofar. Na durƙusa da tsofaffin gwiwoyina ina tsince tsakuwa a ƙasa, mutane na kallo suna cewa tsohuwa ta zautu. Na ƙirga, takwas, da wani farin abu da ban san shi ba. Ashe rabin turmin haƙorin Badaru ne. Gyaɗa kuwa ko ɓawo.

Allah ya taimake mu, mai cire haƙori na hawa na biyu a ginin nan. Munka haura da shi, yana tafe yana karo da bango yana ba bangon haƙuri. Anka kwantar da shi a kujera. Ma'aikaciya ta ɗago allura, 'yar siririya kamar gashin gira. Duk dishin idonshi sai da ya gane ta.

"Tsaya! Tsaya, 'yar'uwa! Babu ta sha?"

"Ba kai ne Dokta ba? Na ga biro."

"Na aro ne! Wallahi na aro ne! Kaka, ki riƙe ni!"

Na riƙe shi. Jikana ne, ya zan yi? Na dafa mishi goshi da hannun dama ina cewa sannu maigidana, hannun hagu kuma na zura aljihunshi na zare takardar Bahijja. Ihun da ya yi, na tabbata shanun Bawa sun ji a Shagari.

Sha biyu da rabi munka shiga babban asibiti. Bahijja na jingine a kafaɗata ta dama, Badaru na riƙe da gefen zanena ta hagu, kunci ya kumbura kamar ya ɓoye mangwaro, baki cike da auduga. Mai kiran suna har ta fara tattara katuna. Na miƙa takarda na ce, "Ɗiyata, ki dubi Allah, ki dubi abin da nake ja." Ta dubi Badaru, ta ce mu shiga.

Likitar mace ce, Dokta Ummukulsum, ba ta da biro ko ɗaya a aljihu, guda ɗaya ne a hannunta, kuma yana rubutu. Tana ganin Bahijja ta tashi ta rage hasken ɗakin, ta sassauta murya.

"Malama, faɗa min yadda yake fara miki."

Badaru ya ɗaga yatsa. "Mmmf. Mmmf!"

"Malam, lafiya?"

Na ce, "Gaisuwa yake, likita. Ci gaba."

Ranar nan, a karon farko cikin shekara uku, Bahijja ta yi bayanin ciwonta da bakinta. Walƙiyar, aman, ɓarin da yake kamawa, ƙwayoyin da ta sha da waɗanda sunka ƙi ta. Har abubuwan da ni kaina ban sani ba. Likita na ji tana rubutawa. Ta duba ta, ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta sa ta bi yatsa da ido. Ta ce wannan ba taɓin hankali ba ne, ciwo ne na jijiya, kuma nan ne wurinshi. Ta ce allurar ba kowa ake yi ma ba, sai ta san yawan kwanakin.

"Kwana nawa a watan nan? An rubuta?"

Na kwance bakin zane, na jera tsakuwa takwas a kan teburinta. Na yi mata bayanin gyaɗa da tsakuwa. Ta ce dabarar ta yi kyau, har ta fi ta wasu masu digiri.

"To ina gyaɗar, Inna?"

Na nuna Badaru.

"Bakwai ce, suna ciki. Tsakuwa kuma tara na zuba. Ta taran ma tana ciki."

Likita ta aje biro. Ta dube ni, ta dubi cikin Badaru. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, amma sai da ta kifa kai a tebur. Bahijja da ke cikin ciwo ma sai da ta yi dariya tana cewa wayyo kaina.

Da likita ta farfaɗo ta tambayi girman tsakuwar, ta ce za ta fita da kanta, in ya ji ciwon ciki ya zo. Sannan ta ce ma ma'aikaciyarta, "Rubuta kwana goma sha shida. Takwas a tebur, takwas a cikin yayanta. Malam, kai ne rabin fayil ɗinmu, kada ka yi nisa."

Ta rubuta ma mai makaranta takarda. Ta ce a dawo mako mai zuwa a fara allurar, wata-wata, a hannunsu, ba a shago ba, ba a kasuwar shanu ba. Ban san wa ya gaya mata zancen kasuwa ba. To, ni ce.

Yau wata huɗu ke nan. Bahijja na nan a ajinta, ba a ɗauki kowa ba. Ciwon bai tafi duka ba, amma ya koyi kunya, sai jifa-jifa yake leƙowa. Badaru kuwa tun daga tasha har bakin masallaci babu mai ce mishi Dokta. Fayil ake kiran shi. Tabarau an yanka mishi, ya ƙi sawa, wai yana rage mishi kwarjini.

Likita ta ce in ci gaba da ƙirga. Na ci gaba, amma na daina asarar gyaɗata. Tsakuwa kuma na ji tausayin sauran haƙoranshi. Yanzu busasshen kashin akuya nake jefawa, ga shi nan birjik a tsakar gida, kuma na ce ko mahaukaci ba zai taɓa ba.

Uku na jefa a watan nan. Jiya na buɗe gwangwani, biyu na tarar. Na leƙa waje, ga Fayil tsugune bakin rariya da buta, yana ta kurkurar baki.

Ya ɗago ya ce, "Kaka, zabibin nan naki ya lalace."