Yadda Za Ki Gama Makarantar Kwana Da Gashinki A Kanki

Ke 'yar Zongo da aka ɗaure wa akwati za a kai makarantar kwana, matso kusa ki ji. An riga an gaya miki ƙararrawa za ta riƙa tashin ki kafin zakara ya yi cara, kuma za ki ci gari da wake har ki manta ɗanɗanon tuwo. Duk gaskiya ne, kuma za ki jure. Abin da ba a gaya miki ba shi ne almakashi. A can ba a barin yarinya da gashi.

Idan kin bi matakan nan bakwai ba tare da kin tsallake ko ɗaya ba, na ba ki tabbaci za ki fito da takardar shaida a hannu da gashinki a kai. An gwada wannan hanya a kan mutum ɗaya, kuma ta yi aiki ɗari bisa ɗari. Mutumin ita ce Barkisu, 'yar Malam Zuberu mai goro na unguwar Alabar a Kumasi, wadda aka kai makarantar wata mata 'yar Asante a shekarar 1953. Matar da kanta ta gina makarantar, mil goma sha biyu daga Kumasi, ba ta gwamnati ba ce, ba ta coci ba ce. Saboda haka abin da Madam, mai makarantar, ta faɗa shi ne doka, babu inda ake ɗaukaka ƙara.

Mataki na ɗaya: Ki san abin da za ki rasa

Ga Madam, askakken kai tsabta ne da natsuwa. Takan ce ko iyaye mata na sarakunan Asante gajeren gashi gare su, kuma ba wanda ya isa ya raina su. A Alabar kuwa, mace ta fito da kai a aske, tambayar farko ita ce wace cuta ce ta kama ta, ta biyu kuma a ce ko dai kan ne ya taɓu.

Barkisu tana da kaka, Kaka Mamuna, wadda ta shekara arba'in tana kitso a tsakar gidansu. Tun farko ba ta son zancen boko. Malam Zuberu ya yi wata uku yana lallashin uwarsa kafin ta yarda, kuma da sharaɗi ta yarda. Ranar tafiya ta tsefe kan jikarta, ta ja gashin har kafaɗa, ta auna shi da baƙin zare, ta ƙulle zaren a bakin zanenta.

Ta ce, "Ranar da almakashi ya taɓa kan nan, ranar boko ya ƙare. Ni da kaina zan je in ɗauko akwatinki."

Ki lura da kyau. Idan ta bar gashin, makaranta ta kore ta. Idan ta aske shi, Kaka ta cire ta. Barkisu kuwa tana son karatun nan kamar ranta, domin ta ga wata ungozoma 'yar Zongo da farar riga a kasuwar Kejetia, ta rantse sai ta sa irinta.

Mataki na biyu: Ki karanci mai almakashin

Kowace makaranta tana da uwar ɗakin kwana. Tasu sunanta Mami Akosuwa, gajeriya, mai ƙiba, mai ciwon gwiwa. Duk Asabar da safe bayan shara, 'yan mata sittin sukan yi layi a gindin mangwaro. Ita tana zaune a kan kujera, kowa ta zo ta durƙusa, sai ta tsayar da tsinken ashana a tsakiyar kai. Idan gashi ya rufe kan ashanar, almakashi ya yi aikinsa nan take.

Sababbin zuwa ana ba su har Asabar ta farko. Kada ki ɓata kwanakin nan da kukan gida. Kowa na kuka, kuma bai taɓa hana aski ba. Ki tsaya ki kalli yadda take awon. Barkisu ta tambayi manyan 'yan aji, ta gane abu ɗaya mai daraja: matar tsayin gashi take aunawa, ba ta ja.

Mataki na uku: Ruwa, sabulu da tafin hannu

Gashinmu yana da wata baiwa da 'yar gidan kitso ta sani tun tana rarrafe. Ki ja shi ya kai kafaɗa, ki zuba masa ruwan sanyi ya koma ya ƙanƙance kamar bai taɓa fitowa ba.

To, ki tsefe kitson duka. Ki jiƙa kan sharkaf. Ki goga sabulun wanki, kada ki ɗauraye sosai. Sannan ki sa tafin hannu ki yi ta dannawa, gaba da baya da gefe, kamar kina gyaran malmalar tuwo. Ki ɗaure da tsumma tamau har ya bushe. Idan kin kwance, za ki ga ɗan kai zagayayye, mai tauri, mai ladabi, irin wanda shugabar makaranta ke so.

Asabar ta farko Barkisu ta durƙusa, ashana ta tsaya, kan ashanar ya leƙo sama. Mami Akosuwa ta yaba mata, har ta gaya wa sauran su yi koyi da 'yar Zongon nan da ta yi askinta tun daga gida.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wahala. Kan zai yi ƙaiƙayi a tsakiyar darasin lissafi, kuma ba ki isa ki sosa ba, domin farce ɗaya na iya tono silin da zai tona miki asiri. Ki cije leɓe, malama za ta ɗauka lissafin kike tunani. Za ki guji wasan da ake jan kai. Za ki zama ta ƙarshe a wurin wanka kullum, lokacin da ruwan ya kusa ƙarewa. Barkisu ta yi haka shekara biyu da rabi, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ce wash.

Mataki na huɗu: Kada ki yi ƙaryar ƙwarƙwata

Akwai wata Sala, ita ma 'yar Zongo, mai wayo amma mai gaggawa. Ta yi tunanin idan ta ce kanta na da ƙwarƙwata, ba mai son taɓa shi. Da layi ya zo kanta sai ta sunkuyar da kai, ta faɗa a hankali, kamar mai jin kunya.

Mami Akosuwa ta ajiye almakashi, ta aika a kawo reza da kananzir. Kafin a buga ƙararrawar karin kumallo, kan Sala ya koma kamar ƙwarya sabuwar fafewa. Aka fitar da katifarta rana, aka tafasa kayanta, aka raba ta da kowa mako biyu. Ƙarya tana da kyau idan ta sa a ƙyale ki. Wadda za ta sa a kula da ke, ki bar wa wasu.

Mataki na biyar: Ki fita daga layi

Sabulu yana ruɗin ido, amma ba ya ruɗin yatsa. Wata rana matar nan za ta ji kan ya cika tauri, ta ja sili ɗaya don ta gani. Kafin ranar ta zo, ki nemi aikin da zai tsayar da ke a bayanta.

Barkisu ta lura duk lokacin da ashana ta faɗi ƙasa, Mami Akosuwa sai ta yi nishi kafin ta sunkuya. Asabar ta huɗu ta yi wuf ta ɗauko mata. Ta biyar ta zo da tire, ta jera almakashi da mataji da kwalin ashana a kai. Ta shida ta kawo tsintsiya ta share gashin da aka zubar. Daga nan ta zama 'yar tire, kuma ba a taɓa jin an auna kan 'yar tire ba.

Za a zage ki. 'Yan ajinsu sun sa mata suna jelar Mami, wasu suka daina ba ta gari idan nata ya ƙare. Ki share gashinsu, ki yi shiru. Su suna da bakin magana, ke kina da abin tsefewa.

Mataki na shida: Ki hana kakarki zuwa ziyara

Hutu ba matsala ba ne. Ki ɗaura kallabi tun a mota, kina isa gida ki wuce banɗaki da ruwan ɗumi da man kaɗe, ki fito ki miƙa wa tsohuwa kai ta auna. Sau bakwai Kaka Mamuna ta kwance zarenta, sau bakwai ta tarar gashin ya ma ɗan ƙaru.

Haɗarin yana ranar Lahadin ziyara. Ki bar babanki ya zo, maza ba sa ganin kai. Malam Zuberu ya sha zuwa, ya tambayi karatu da salla, ya ajiye ƙunshin kilishi, ya tafi. Amma tsohuwa ki riƙa gaya mata hanyar ba kyau, motar tana jijjiga ƙashi, direbobin ba su da kunya.

A nan ne Barkisu ta yi sakaci. A hutun ƙarshe, saura wata uku jarrabawar fita, ta yi ta yabon makarantar har Kaka ta ji sha'awar ganin wurin. Bayan an koma makaranta, ranar Lahadin ziyara Barkisu tana shanya, sai ga tsohuwa ta sauko daga motar Kejetia da kwanon wake da shinkafa a hannu. Ta tsaya, ta dubi ɗan zagayayyen kan nan. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali. Ba ta amsa gaisuwa ba, ta tambayi wata yarinya ina ɗakin mai makarantar, ta kama hannun jikarta ta ja ta.

Mataki na bakwai: Idan ta zo, ki tabbata an rufe ƙofa

Wannan kaɗai Barkisu ta samu ta yi, ta tura ƙofar ofis da ƙafa. Ciki akwai Madam a bayan tebur, da Mami Akosuwa da ta kawo mata shayi.

Kaka ba ta jin Turanci, amma ta iya Tuwi, yaren Asante, irin na kasuwa, kuma da shi ta fara. Ta ce an ba su amanar yarinya da gashi har kafaɗa, sun mayar mata da ɗan tsako, a fito mata da akwati yanzu. Madam, wadda ke sa 'yan mata noma idan ta ji sun yi Tuwi a harabar makaranta, ta manta da dokarta ta mayar da amsa da shi. Ta ce ba wanda ya taɓa kan yarinyar nan, da askinta ta zo, kuma duk makarantar babu kai mai bin doka kamar nata. Kaka ta ce ashe har da ƙarya ake koyarwa. Mami Akosuwa ta rantse da kabarin uwarta almakashinta bai san kan nan ba.

Barkisu tana tsaye a tsakiya. Idan ta yi shiru, yau za ta kwana Alabar, farar riga kuma sai dai ta gan ta a jikin wasu. Ta ɗaga hannu, ta soka yatsa a tsakiyar kai, ta kamo sili ta ja. Ya yi ta fitowa, garin sabulu na zuba, har ya sauka a kafaɗarta.

Mami Akosuwa ta nemi kujera ta zauna. Madam ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta ce doka doka ce, ranar Asabar a gindin mangwaro za a aske shi gaban kowa. Kaka ta ce to a fito da akwatin.

Barkisu ta durƙusa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Madam, ni ke shara ranar Asabar, na san yawan gashin da kai ɗaya ke zubarwa. Nawa zai cika kwando. 'Yan mata sittin za su tsaya su gani, su lissafa Asabar nawa ya wuce ta gaban Mami. Ina za a ɓoye tulin?"

Madam ta daɗe tana kallon ta. Yarinyar nan ce ta ɗaya a aji, ita ake sa ran za ta fitar da sunan makarantar a jarrabawa. Daga bisani ta juya ta kalli taga.

Ta ce, "Barkisu Zuberu, mayar da abin nan inda ya fito. Ban ga kome a kanki ba. Amma ciyawar filin wasa na gan ta, daga bakin ƙofa har katanga. Gobe za a ba ki adda."

Saura Kaka. Ta matso, ta sa yatsu cikin kan, ta shinshina, ta tambaya wace mara imani ce ta koya mata sa sabulun wanki a gashi. Barkisu ta ce ba kowa, ita ta gano. Tsohuwa ta zare yatsunta daga kan. Shekara arba'in tana taɓa kawunan mata, yau ga 'yar da ta goya ta ruɗe ta da rana tsaka.

Ta ce wa Madam, "Ku riƙe ta. Ja'ira mai irin wannan makirci gara ta zauna inda akwai katanga."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin duk abin da ya biyo baya. Barkisu ta ci jarrabawarta hannuwanta biyu duk sun yi kanta saboda wata uku na saran ciyawa, kuma gashin gaban goshinta bai yafe wa sabulu ba har yau. Idan Madam ɗinku tana da babban kwando kuma ba ta jin kunyar 'yan mata sittin, wannan tsakaninku ne. Idan kakarki ba ta da raha, ban aike ki ba. Idan aka kira ni shaida, zan ce ban iya rubutu ba. Kuma don Allah, idan an aske ki, kada ki ƙunso gashin a takarda ki kawo mini Alabar, ba ni da inda zan sa shi.