Yadda Za Ka Raba Goggonka da Babur Ɗinta na Zamanin Gurguzu

Bi matakan nan, na rantse kafin bazara ta wuce babur yana ƙofar gidanka. Ni Mirko na gwada su a kan Goggo Irmtraud, a ƙauyenmu na jihar Thüringen, a gabashin Jamus.

1. Gano maɓoyarsa

Da katangar Berlin ta faɗi, kowa ya yar da babur ɗinsa, aka ruga sayen motocin Jamus ta Yamma. Yau ga masu tara tsofaffin babura suna leƙa rumfunan mutane kamar masu cigiyar akuya. Na Goggo yana bayan buhunan dankali, shuɗi, da fentinsa na masana'anta tun 1978. Wannan fentin shi ne dukiyar, ko da ya koɗe. Ka yi kamar ba ka gani ba.

2. Ci kek, sha tarihi

Kowace Lahadi ka je. Za ka ji yadda ta ba da kwalba goma ta tsimin kokwamba kafin ta samu taya ɗaya, da yadda ta shekara goma sha biyu tana hawansa zuwa tatsar shanun gonar gwamnati. Gyaɗa kai. Ƙara yanka ɗaya.

3. Kushe shi

Nan gwanintar take. "Haba Goggo, wannan koɗaɗɗen abu? Ai ko mai gwangwan kunyar ɗaukarsa zai ji." Maimaita har ta yarda, kafin Detlef, shugaban ƙungiyarmu ta masu babura, ya riga ka lallaɓa ta.

4. Karɓi kyautarka

Ni dai ranar zagayowar haihuwata ta kira ni. "Zo, ɗan nan, ɗauki abinka." Ta yaye bargo. Kore shar! Ragowar fentin shingen lambu ta shafa masa da burushi, har gefen sirdi.

"Ka ce ya koɗe. Ai ba zan ba ɗan ƙanena abin kunya ba. Kwana uku na yi a durƙushe da gwiwar nan tawa."

Na dubi hannuwanta, duk kore har farce. Asarar ta yi mini ciwo, amma kunyar ta fi.

5. Hau abinka

Detlef zai tare ka gaban jama'a, kamar yadda ya tare ni: "Mirko, babur ne wannan, ko shinge ne ya tsinke?" Yi murmushi. Zai ce ya san maganin da ke kankare fentin, shuɗin ya dawo. Ni cewa na yi ya riƙe abinsa.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan ya tashi da koren babur da ba mai saye, zuciyarsa kuma ta hana shi kankarewa, kada ya nemi Mirko. Ina gidan Goggo, ina shafa mata man zafi a gwiwa.