Hancin Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Rakiya ba, kuma ko na so in manta, matan garinmu Korgom ba za su bar ni ba.

Lokacin na gama digirin doktora, ina aikin binciken da ake yi bayanta a wata jami'a ta ƙasar waje. Na sauka Tasawa, na hau kabu-kabu zuwa gida, ina jin kaina kamar wadda aka aiko ta wayar da gari. Abu biyu suka kawo ni: bikin, da kuma ganin ɗan da Hadiza, matar Yaya Sani, ta haifa ba na nan. A hoton waya kawai na san shi, kuma hoton duk ya dushe.

Ranar wuni muna zaune a tsakar gida, mata cike, sai Gwaggo Talatu, ƙanwar babanmu, ta dube ni.

"Ke ɗiyata, an ce kin ƙare karatun lakkwal, an kuma ce kina lakkwal. Wai mi kike yi can?"

Tambayar da nake jira ke nan. Na jawo kaba biyu daga cikin wadda take saƙar tabarma da ita, ja da koriya, na jera su a cinyata. Na ce kowane mutum yana ɗauke da zaren gado iri biyu a jikinsa, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Idan jiki zai shirya ƙwayar haihuwa, sai zaren biyu su kwanta gefe da gefe, su tsinke a wasu wurare, su yi musayar guntaye. Na tsinke kabar, na haɗa kan ja da gindin koriya.

"Kun gani? Abin da Yaya Sani zai ba ɗansa ba na Baba ba ne zalla, ba na Inna ba ne zalla, gauraye ne. Aikina shi ne in sa ordinatar, wato kwamfuta, ta lissafa inda musayar nan za ta faɗa, da dalilin da ya sa guda biyu ba su cika faɗawa kusa da juna ba."

(Abin da ban faɗa musu ba shi ne, duk lissafina a kan yis nake yinsa, wato abin kumbura burodi. Yis kuwa ba shi da hanci.)

Bayanin ya shige su. Wata ta ce shi ya sa 'ya'yanta ba mai kama da wani. Gwaggo ta gyaɗa kai. Da na tsaya nan, da na bar garin da mutuncina. Amma yabo ya hau mini kai, na ji darasi bai cika ba sai da misali.

A ƙofar ɗakin Hadiza ga jariri kwance bisa zanenta, yana wasa da ƙafa. Na ɗauko shi, na ɗaga shi yadda kowa zai gani.

"Ga hujja. Ku dubi hancin nan. Hancin Yaya Sani ne, babu ragi. Goshin kuma na Baba ne, ya bi ta jikin Yaya ya sauko. Ko a kasuwar Mayahi na tsinci yaron nan, zan ce jinin Yaya Sani ne. Kimiyya ba ta ƙarya."

Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Ni kuwa na ɗauka burge su na yi, har na ƙara da cewa kunnen ma nasa ne.

Wata tsohuwa da ke jingine da bango ta miƙe zaune.

"Maimaita, ɗiyata. Jinin wa kika ce?"

Kafin in buɗe baki sai ga Hadiza ta fito daga madafa, da goyo a bayanta. Na dubi goyon, na dubi na hannuna. Wata matashiya ta taso a hankali, idonta a ƙasa, ta karɓe jaririn daga hannuna. Binta ce, matar Malam Idi maƙwabcinmu. Tsohuwar kuma uwar Malam Idi ce.

Ai da abin ya tsaya nan, da dariya za a yi. Sai dai duk wanda ke wurin ya san abin da ni na manta: kafin Binta ta auri Malam Idi, Yaya Sani ya daɗe yana zuwa zance gidansu.

Na fara gyara. Na ce ai kama ba hujja ba ce, hanci abubuwa da yawa ke haɗuwa su yi shi, kimiyya ma ba ta yarda a yanke hukunci da ido ba.

"Ɗazu kin ce ba ta ƙarya," in ji tsohuwar.

Ta ɗauki mayafinta ta fita, Binta na biye da ita tana share ido. Inna kuwa kallo ɗaya ta yi mini, na ji na koma 'yar firamare. Kafin la'asar magana ta kai rumfar maza. Yaya Sani ya shigo, ya tsaya a kaina.

"Ke, duk karatun nan don ki raba ni da maƙwabta aka yi shi?"

Washegari da hantsi Inna ta sa ni gaba, da ƙullin goro a hannuna, zuwa gidan Malam Idi. Na durƙusa gaban tsohuwar, na ba Binta haƙuri, na ce ɗan ɗan'uwana na zata, shirme ne nawa, ba wata magana a ƙasa. Binta ta ce ba komi, amma ba ta ɗago ba.

Sai Malam Idi ya shigo. Ban taɓa kallonsa da kyau ba sai ranar. Ya zauna, ya juya mini gefen fuskarsa, ya ɗora yatsa a kan hancinsa. Hancin jaririn ne sak, an dai ƙara masa girma.

"Dakta, duba mini nawa," ya ce. "Ko ni ma ɗan gidanku ne ban sani ba?"

Binta ce ta fara ƙyalƙyalewa. Tsohuwar ta daure, ta daure, daga baya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta karɓi goron.

Ɗan Yaya Sani na gaskiya kuwa, da na zauna na dube shi da kyau, bai ɗauko kowa a gidanmu ba. Uwarsa ce tun daga goshi har haɓa. Wannan karon ban ɗaga shi na yi darasi ba.

Har yau ina aikina, kuma na iya shi, ba na jin kunyar faɗa. Amma duk jaririn da aka miƙo mini yanzu, ko a wace ƙasa, sai na fara tambayar ɗan wane ne. Idan aka faɗa mini, sai in ce Allah ya raya, in miƙa shi ga uwarsa.