Injiniya Yazid da Manhajar da Ba Ta Barci

Duk wanda bai san Injiniya Yazid ba, to bai ga Daura ba, Kusugu kawai ya leƙa ya koma gida. Garin nan ya yi malamai, ya yi fatake, amma sai da Yazid ya dawo daga wani kwas a Kano aka samu mutumin da ke rataya katin shaida a wuya ko masallaci za shi. Injiniyancin ma shi ya naɗa wa kansa, da ya ga hukuma na jan ƙafa. Abokan sana'arsa masu rubuta manhajar kwamfuta suna kiransa Ba-ta-barci, shi kuwa a zatonsa kirari ne.

Sunan ya samo asali daga Karar Zamani, manhajar da ya rubuta don dillalan shanu su riƙa saka hoton dabba da farashinta a waya. Burinsa ɗaya ne a duniya: ƙungiyar dillalai ta karɓe ta a hukumance, shi kuma a riƙa nuna shi da yatsa. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Isyaku, ya gaji da sintirinsa, ya ce a bari a yi azumi a yi sallah, sai ya zo ya nuna wa jama'a.

To, masu rubuta manhaja na garin suna da zauren hira a WhatsApp, kuma Yazid ne mai riƙe da mabuɗinsa. Tun kafin a ga wata ya fara yi musu huɗuba, a saƙon murya, don rubutu ba zai ɗauki nauyin maganarsa ba.

"Manhajata a tsaye take kashi casa'in da tara da ɗigo tara, tara, tara. Ba ta san ɗauke wuta ba, ba ta san damina ba. Ku da kuke rubuta abin da ke suma in an yi atishawa, ku zo ku ɗauki karatu."

Harisu, wanda ya fi son tattabarunsa a kan kwamfuta, ya amsa: "Ranka ya daɗe, ɗan guntun da ya rage fa, na alwala ne? Tawa dai baiwar Allah ce. Tana rufewa ranar Juma'a, tana ƙailula, in an ɗauke wuta ta yi tawakkali." Sai ya biyo da hoton wata tattabara mai tukku da ya sayo a Sandamu. Siddiƙa, mai manhajar sakamakon jarrabawa, ta ce tata tare da ɗalibai take tafiya hutu, sannan ta tambaya ko akwai wanda ya san abin da ke sa ganyen zogale ya yi rawaya. Nan fa zaure ya kaure. Daga zogale aka faɗa dambe, daga dambe aka koma gardamar mai kilishin da ya fi iya yaji.

Kai, Yazid ya ji haushi. Ana maganar tara-tara, wasu na maganar tukku! Nan take ya kulle zauren, ya zama shi kaɗai ke iya magana, ya kuma toshe lambar duk wanda ya taɓa yi masa dariya, wato kowa. Zaure ya yi tsit, Yazid ya ce yanzu ne aka fara aiki.

Kuma me zai yi da su? Ai ya rubuta wa kansa wata 'yar alama a waya, wadda ke zama koriya muddin manhajar ba ta aiko da ƙorafi ba. Azumi guda yana duba ta bayan kowace sallah, kullum shar da ita. Har ya fara tausaya wa sauran duniya.

Ranar taro aka kafa rumfa a gefen kara, wato kasuwar shanu, dillalai suka zauna da sandunansu, aka tayar da janareta don majigi. Yazid ya zo da kwat a cikin zafin nan, katin shaida na lilo.

"Iyayena, rana takan faɗi, kasuwa takan tashi, ku kanku kukan yi gyangyaɗi. Abin da zan nuna muku yanzu bai taɓa runtsawa ba."

Ya danna. Allo ya yi fari fat. Ya sake dannawa, ya ɗaga waya sama, ya zagi sabis, ya zagi majigi. Ya duba alamarsa, tana nan koriya, ko kunya babu.

Harisu, da ya zo kallo, ya matso ya yi ƙasa da murya, sai dai makirufo na kusa. "Injiniya, tun farkon azumi take a mace. Mai shagon da ka ajiye kwamfutar ya cire ta ya jona firjin ƙanƙara. Mun so mu gaya maka, ba ƙofa. Alamar taka kuwa ƙorafi take jira, matacce ai ba ya ƙorafi."

Gumi ya jiƙa kwat. Yazid ya juya ga shugaba, yana shirin ba da haƙuri kan ɗimbin cinikin da ya jawo aka rasa.

"A'a, kwantar da hankalinka, ɗana," in ji Alhaji Isyaku. "Ba wanda ya yi asarar ko kofato. Wane dillali ne zai rubuta farashin sansa inda maƙwabcinsa zai gani? Ba wanda ya taɓa buɗe ta. Ashe rasuwa aka yi tun azumi, mu ba mu ji ba." Ya miƙe ya kama hannun Yazid da hannu biyu. "Allah ya ba ka haƙurin rashi."

Dillalai mutane ne masu zumunci. Suka yi layi, kowa ya ba shi hannu ya wuce wurin shanunsa, Injiniya na tsaye yana amsa amin har rumfa ta watse.